Ƙaramar Ƙofa a Bayan Tasha

Murfin kwanon sha ne ya fara ba ni labari. Ina zaune a tsakar gida da hantsi ina tsintar shinkafa, sai na ji yana kar-kar-kar a kan randa, shi kaɗai, ba iska ba kaza. Na ɗaga kai na dube shi, ya yi shiru. Na koma kan shinkafata, ya sake. A na ukun ne na ji abin a ƙarƙashin tabarma, ashe ƙasa ce ke rawa a hankali, ga kuma gurnanin inji daga bayan katanga. Na yi salati, na ajiye farantin, na kifa turmi na taka na leƙa. Katafila ce tana ture kututturan masara a gonar da ke bayan unguwarmu, wasu maza masu huluna kamar an kifa ƙwarya suna biye da ita.

An daɗe ana cewa za a yi mana tasha. Garinmu a bakin babban titi yake, ba nisa da Kwanar Dangora, amma tun da aka kawo ni aure daga garin Ƙofa ban san wani wuri da ake kira tasha ba. Mota inda ta ga dama take tsayawa. Ta Kano a gindin mangwaro, ta Tudun Wada da Doguwa a gaban mai faci, fasinja da buhunansu a kan kwalta, tireloli suna wucewa suna kaɗa wa mutane riguna. Da wuya ka sami gidan da ba a taɓa zuwa yi wa jaje ba saboda bakin titin nan. Don haka da na ga katafila, hamdala na fara yi.

Da la'asar maigidan ya dawo daga ƙofar mai unguwa, inda masu tsara gari suka tara maza. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya zari tsinken tsintsiya ya fara zana mini a ƙasa. Ga tasha a tsakiya. Ga shaguna sun kewaye ta, ga masallaci, ga banɗakin maza da na mata, ga famfo. Gefe kuma za a yanka filaye, a fitar da layuka tun kafin a sa bulo, ba irin namu ba da ake gama gini sannan a nemi ta inda za a fita.

"Sun ce so suke gari ya taru a jikin tashar," in ji shi. "Duk wanda ke kusa ya iso da ƙafarsa, ba sai ya hau komai ba."

"Masha Allah. Wannan zagayen fa, Malam?"

"Katanga ce. Saboda ɓarayi da dabbobi."

"Ƙofa fa?"

Ya dangwala tsinken ta wajen titi. "Nan. Babba, mota biyu za su iya gittawa."

"Ta nan bayan fa, ta wajenmu?"

"Ai nan babu hanya. Sun ma tambaya, ni na ba su amsa. Na ce gona ce kawai da bayan gidaje."

Na daɗe ina kallon zanen. Kaza ta zo ta bi ta tsakiyar tashar ta watsa shagunan, ban ko kore ta ba.

Ba ƙarya ya yi musu ba. A unguwarmu akwai hanyar da namiji baligi bai taɓa bi ba. A bayan madafata akwai kafa a jikin katanga, 'yar ɓula da sai mutum ya sunkuya, tana faɗawa gidan maƙwabta. Daga can wata kafar ta shiga gidan Gwaggo, tsohuwar da kowa a unguwa ke kira haka, babba da yaro. A bi ta gefen turken awakinta, a ture wani ƙyauren langa-langa, sai ga mutum a gindin darbejiya. Daga nan siririyar hanya ta ratsa gonar masara ta ɓulla bakin titi, daidai mangwaron motar Kano. Kafofin gidaje da yawa a tsakar gidan Gwaggo suke haɗuwa. Ta nan ake kai niƙa, ta nan ake zuwa barka da gaisuwar rashi, ta nan mai naƙuda ke fita ba tare da ta ratsa majalisar maza ba. Maza sun san da kafa, amma a wurinsu ta aron gishiri ce da tsegumi, ba hanya ba.

Ni kuwa ta nan nake fitar da yarinyar. 'Yar farina ce, shekararta takwas a lokacin, kuma sikila gare ta. Ban taɓa kama sunanta da bakina ba, haka aka raine mu, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". A gaban mutane ko gyara mata ɗankwali ba na yi. Amma ciwo bai san kunya ba. In ya taso, musamman da damina in sanyin ruwa ya shiga ƙashi, ba ta iya taka ƙasa. Babur kuwa mun taɓa gwadawa sau ɗaya, kowane rami sai ta yi ƙara, har babanta ya tsaya a hanya ya sauke mu, idonsa ya kaɗa. Goyo kaɗai take iya jurewa. Ta kafa, kafin ruwan shayi ya tafasa na kai ta gindin mangwaro. Kuma duk wata muna da ranar ganin likita a Kano, ko da ciwo ko babu.

In aka ja katangar nan kuwa, sai dai in fita ta zaure, in yi gabas har masallaci, in karya ta injin niƙa, in kai kwalbati, sannan in dawo da baya a gefen kwalta, tirela tana huci a kunnena, da yarinya mai shekara takwas a baya tana cizon hijabina. Ga tashar a bayan madafata, ina jin tarin direba, amma sai na zagaye rabin gari kafin in shige ta.

Na gwada yi masa bayani a ranar. Ya ce, "Wannan ai kafa ce, ba a kai wa gwamnati maganar kafa. An ma riga an sa hannu. In ciwo ya taso ni zan goya ta." Ban yi musu ba. Shi ma ya sani, ni ma na sani, rabin damina a gonarsa ta wajen Yako yake yinta, ciwo kuma ba ya aiko ɗan saƙo.

Daga nan turmina ya daina daka, ya koma matakala. Kullum sai na leƙa. Aka ja igiya, aka haƙa fandisho, motar yashi ta fara juyewa. A sujada nakan rasa yadda zan tsara roƙon, don kunya nake ji in ce Ubangiji Ya hana tashar da gari duka ke murna da ita. Sai dai in ce, Ya Allah, Ka ga bayana, Ka ga abin da ke kai.

Wata Talata da azahar aka yi sallama, muryar macen da ban sani ba. Ta shigo da hijabi ruwan toka, ta ɗora wata riga mai ƙyalli a sama, takalminta duk jar ƙasa. Ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ce da masu aikin tasha take, ita kaɗai ce mace a cikinsu, wurin alwala take nema. Na ba ta buta da darduma. Da ta idar na dama mata fura, ta sha kamar wadda ta kwana biyu ba ta ga ruwa ba.

Yarinyar tana kwance a rumfa, na naɗe mata robar ruwan ɗumi a tsumma na sa a gwiwa. Baƙuwar ta yi mata sannu, ta juyo gare ni.

"Yaya, taki ce?"

Na sunkuyar da kai. "Ta gidan nan ce."

Ta yi dariya. "Ta fari ce ke nan. Haka ummata take yi wa yayanmu har yau, ga shi da furfura."

Wannan dariyar ce ta kwance mini harshe. Na tambaye ta ko tana da taswirar aikin. Ta zaro wata faffaɗar takarda ta shimfiɗa a tabarma, muka danne gefunan da moɗa da ludayi. Rabona da taswira tun ina sakandare, amma ido bai manta ba. Na gane titi, na gane masallaci, na bi da yatsa har na sami gidanmu, ɗan akwati kamar na ashana. An zana wata da'ira da jan biro ta kewaye tashar.

"Duk wanda ke cikin nan," in ji ta, "mun ƙiyasta zai iso da ƙafa cikin minti goma. Ku ne ma kuka fi kowa morewa, kuna jikinta."

"Haka ne, Malama. In da muna da fiffike."

Ta dube ni. Na ɗora yatsa a kan gidanmu, na bi da shi ta zaure, ta masallaci, ta injin niƙa, ta kwalbati. Yatsana ya fita daga da'irar tata, ya yi tafiya, sannan ya dawo ya shiga ta babbar ƙofa. Ta ciro waya ta nuna mini hoton unguwar da aka ɗauka daga sama. Bayan gidajenmu kore ne shar, babu ko zare.

"Kin gani, babu hanya a nan."

"Yaushe aka ɗauka?"

"Bara da damina."

"Masara ce ta rufe ta. Tashi in nuna miki."

A kafar farko ta buga goshi. Ta tsaya tana murzawa, sai hannunta ya kai gefen ɓular, ta shafa, ta sake shafawa. Ƙasar wurin ta yi sumul tana sheƙi kamar cikin tsohuwar ƙwarya, saboda hannuwan da suka dafa ta shekara da shekaru. Muka gaisa da matan maƙwabta, muka sake sunkuyawa, muka faɗa gidan Gwaggo. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa.

"Wace ce wannan kika kwaso mini mai rigar 'yan kwana-kwana?"

"Gwaggo, tana cikin masu zana tashar."

"Au, ke ce za ki toshe mu kamar ɓeraye? Zauna ki ci gyaɗa tukuna, ba na yi wa mai yunwa faɗa."

Malamar ta durƙusa ta gaishe ta har ƙasa, ta ci gyaɗar, sannan na ture ƙyauren langa-langa. Ga darbejiya, ga sauran hanyar a fili tunda an share masarar, ta tafi kamar tsagar kitso ta tsaya cak a bakin ramin fandisho. Malamar ta daɗe a tsaye tana kallon hanyar. Da ta dawo ciki ta ce, "Wallahi ba mu sani ba. Zan zana ta, tun daga kafar farko har titi."

Gwaggo ta ajiye gyaɗar. "Ki zana me? A'a, 'yar nan. Gobe in wayi gari ɗan acaɓa yana yi mini oda a gindin turke, ya ce takarda ta ba shi? Marigayi ne ya fasa ƙofar nan don mata, bai fasa don gwamnati ba. Gidana ba titi ba ne."

Gwaggo gaskiya ta faɗa. In an ɓoye hanyar, katanga ta kashe ta. In an bayyana ta, ta daina zama tamu. Na raka baƙuwar har zaure ina jin da ma ban buɗe baki ba.

Amma ranar kasuwa sai ga ta tun da safe, ba rigar ƙyallin, ta roƙi Gwaggo ta bar ta ta zauna a gefen turke. Ta buɗe littafi. Duk wadda ta wuce sai ta ɗiga biro. Masu tallan ƙuli, masu kai niƙa, wata da jariri za ta rigakafi, 'yan mata masu zuwa islamiyya, tsohuwa da kaza a hammata. Gwaggo kuwa tana yi mata sharhi, wance jikar wane ce, waccan ta ci bashin gaisuwa tun suna. Kafin azahar Malamar ta cika shafi biyu. Ta rufe littafin ta ce, "Yaya, ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ba ni da ikon canja layi. A takardunmu an rubuta cewa an tambayi mutanen unguwa sun ce babu hanya. Sai mutanen unguwa sun sake magana. Ku rubuto. Ni kuma alkawarina, layin daga gindin darbejiya zai fara. Abin da ke cikin katangar Gwaggo ba ruwan taswira da shi."

Gwaggo ta harare ta. "Kin rantse?"

"Na rantse, Gwaggo."

"To ƙara gyaɗa."

Ni aka ɗora wa rubutun, tunda ni ce mai sakandare. Na yago takarda a tsakiyar littafin yarinyar. Sau uku ina rubutawa ina yagawa. Da na ga ta yi kama da wasiƙa, na kai wa Gwaggo na karanta mata. Na zo wurin da na ce, akwai wata yarinya a unguwar mai fama da sikila, sai ta ɗaga hannu.

"Wata yarinya? 'Yar wa? Daga sama ta faɗo?"

"Gwaggo, ai kin sani."

"Ni na sani. Mai kujerar can bai sani ba. Ke, ninke kunyar nan ki sa a ƙasan adaka, ba a kai ta ofis."

Na koma gida na sake sabuwa. Da na zo wurin, na rubuta: 'yata ce, ni nake goya ta. Ban taɓa faɗin haka ba ko a ɗaki, ga shi na rubuta wa mutanen da ban sani ba. Mata suka yi ta shigowa ta kafa suna dangwala yatsa da tawadar allo, wasu suna dariya wai yau sun zama 'yan siyasa. Bayan takardar ya cika da baƙaƙen yatsu, manya da ƙanana.

Ban yarda ta fita gidan ba sai maigidan ya gani. Da safe, bayan ya sha koko, na ajiye masa a gefen tabarma na koma madafa ina goge tukunyar da ba ta da datti. Can ya kira ni.

"Tun yaushe kike bi da ita ta nan?"

"Tun tana shekara biyu."

"Ni in an ce kun tafi asibiti, ban taɓa tambayar ta ina ba." Ya ninke takardar. "Je ki ce wa Gwaggo ina neman iso. Sau ɗaya."

Abin da aka yi ranar har yau ana ba da labarinsa a gidan suna. Gwaggo ta shigo da kanta ta wuce gaba da sandarta tana shela, "Ku kimtsa, ga namiji! Ku kimtsa, ango zai wuce!" Mata suna ta rige-rigen shiga ɗaki, ana ƙyalƙyala dariya ta bayan labule. Shi kuwa, dogon mutum, ya naɗe babbar riga, ya duƙa kamar mai ruku'u, kansa a ƙasa, hularsa ta faɗi a kafa ta biyu, akuyar Gwaggo ta kama bakin rigarsa. Ya fita gindin darbejiya. Daga can bai dawo ta kafa ba, ya bi ta titi da ƙafa, ta kwalbati, ta injin niƙa, ta masallaci. Da ya shigo zaure gumi ya jiƙa masa wuya. Ya sha ruwa, ya ce, "Kuma ni ban goya kowa ba." Ya sa takardar a aljihu.

Taron da aka sake yi a ƙofar mai unguwa ban je ba. Gwaggo ce ta je, tunda tsufa ya ba ta lasisi, ta zauna a gefe a kan buhu, ita ta kawo mana rahoto. Ta ce masu kula da lodin motoci sun tayar da jijiyar wuya, wai ƙofar baya ƙofar ɓarayi ce, kuma 'yan acaɓa za su mayar da ita tasu. Sai maigidan ya miƙe ya ce, "Jama'a, ni ne na ce babu hanya a bayan nan. Ashe akwai, ni ne ban taɓa bin ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa a zaure aka tambaye mu." Sannan ya karanta wasiƙar da ƙarfi, har wurin da na ce 'yata. Da Gwaggo ta zo nan a labarin na rufe fuska da mayafi.

"Ɓarayin fa, Gwaggo, me aka ce?" wata ta tambaya.

"Na ce musu ɓarawon da zai ratsa tsakar gidana, ya wuce awakina, ya wuce bakina, ku bar masa abin da ya ɗauka, ya sha wuya."

Shugaban masu tsara garin ya karɓi takardar, ya ce za a duba. Shi ke nan. Za a duba.

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Malamar ba ta sake leƙowa ba, aka ce an tura ta wani aikin ta wajen Kiru. Katanga ta taso daga bakin titi ta biyo kudu, ta karyo kwana, ta nufo mu. Ina kan turmi ranar da magina suka iso daidai darbejiya. Na ga an kwaɓa siminti, na ga an ɗora bulo a kan hanyar, aka jera sahu ɗaya, aka ɗora na biyu. Na sauko a hankali. Na yi alwala, ba lokacin salla ba, na zauna a darduma. Yarinyar ta zo ta zauna kusa da ni. Na ce a raina, to, Allah Ya sa haka ne mafi alheri, zan koyi bin titi.

Washegari da hantsi na ji hayaniya a bayan katanga. Ban yi niyyar leƙawa ba, Gwaggo ce ta turo a kira ni. Na bi ta kafa na tsaya a bakin ƙyauren langa-langa. Ga Malamar da rigar ƙyallinta, da sabuwar takarda a hannu, tana nuna wa babban magini. Ashe an amince tun kwanaki, takardar ce ba ta iso hannun magina ba, tsohuwar suke bi. Maginin yana ta mita wai an sa shi aikin banza, ga siminti ya riga ya kama.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "in ka gaji ba ni gudumar."

Ya yi dariya ya ɗaga guduma. Bulo huɗu ya cire a sama, huɗu a ƙasa. Ban san ƙarar fasa gini tana da daɗi ba sai ranar. Malamar ta hango ni, ta ɗaga mini takardar, ta nuna wani ɗan gajeren layi da yatsa. Daga gindin darbejiya ya fara, kamar yadda ta rantse. Na so in yi mata godiya mai tsawo, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah Ya yi miki albarka." Ta ce, "Amin, Yaya. Akwai sauran furar nan?"

Ƙofar ba ta da girma. Faɗinta daidai mace da goyo da faranti a ka. An kafa ƙarafa biyu a bakinta yadda babur ba zai shige ba, an bar siririn lungu tsakanin shaguna, an zuba masa siminti, ana rufe ta bayan isha. Ba zan ce ba mu rasa komai ba. Gonar da muke tsinkar rama a gefenta ta tafi. Yanzu da kiran 'yan kamasho nake sanin gari ya waye, "Kano ɗaya! Tudun Wada, Doguwa!", kuma leda tana taruwa a gindin darbejiya, kullum sai mun share. Murfin kwanon shan nan na gaji na ɗora masa dutse. Gwaggo ta kori samari biyu da suka ɗauka gidanta ma lungu ne, ba su sake ba. Matan da suka dangwala yatsa kuwa, uku a cikinsu yanzu ta ƙofar nan suke aika waina da kunu cikin tasha, ba mai tsallaka kwalta.

Ranar asibitinmu ta farko bayan an buɗe tasha ta faɗo a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, maigidan yana Yako. Yarinyar ta tashi tana cewa ƙafarta tana ɗan yi mata tsami, ba sosai ba. Na sa mata rigar sanyi da safa, na ɗauki katinta da ruwan ɗumi, na durƙusa ta hau, na ja zani na ɗaure. Ta yi nauyi, ƙafafunta har suna dukan cinyata. Muka sunkuya a kafar farko, muka sunkuya a ta biyu. Gwaggo tana ba awaki dusa, ta ce wa yarinyar, "Ƙawata, a gaishe mini da likita, ki ce masa har yanzu ba ni da miji." Yarinyar ta yi dariya a bayana, na ji dariyar a ƙashin bayana.

Na ture ƙyauren. Darbejiya tana ɗigar da sauran ruwan jiya. Ga ƙaramar ƙofar a buɗe, taku kaɗan, ta cikinta ina hango motar Kano a ƙarƙashin rumfa, direba yana goge gilashi, wata mata tana zaune a benci tana ba ɗanta nono hankali kwance. Babu tirela, babu kwalta. Na tsaya ina gyara goyon, bakina yana ta alhamdulillahi ban ma san ina yi ba.

Sai na ji ta dafa kafaɗata.

"Umma, sauke ni. Ai ga ta nan. Wannan da ƙafata zan shiga."